Kada Ka Sayar da Gitar Nan, Lawali

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Lawali. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka ka sauka Yamai lafiya, kai da kayanka, ka tarar da baffanka Sani da iyalinsa cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin ƙarfe, da sharrin mutum.

Ga shi na rubuta sunanka, abin da bakina bai taɓa yi ba tun ranar da aka raɗa maka shi. Kai ɗan fari ne, da "kai yaro" da "ina wancan?" na raine ka, kamar yadda aka raine ni. To, takarda ba ta da kunya. Shi ya sa na zauna a rumfar gyaran kekena da rana tsaka, lokacin da ba mai kawo ko faci, ina rubuta maka abin da ba zan iya kallon idonka in faɗa ba. Zan cusa ta cikin buhun da na naɗe gitar, tare da takardun kiɗa.

Jiya na ji ka. Ina bayan zana ina alwala, kana ce wa mahaifiyarka, "Inna, ki kwantar da hankalinki. Da na sauka zan nemi mai saye, in aiko da kuɗin a auno hatsi." Na ji daɗi, na kuma ji zafi. Na ji daɗi don na haifi mai tunanin gida. Na ji zafi don ba don haka na ba ka ita ba. Na san abin da idonka ya gani: damina biyu ba a cika rumbu ba, danginmu na Zermu sun cika gidan har zaure, tuwon jar dawar taimako sau ɗaya a yini, ƙannenka suna lashe ƙwarya har tana ƙara. Duk da haka ina gaya maka, kada ka sayar da gitar nan. Ka karanta har ƙarshe, za ka ga dalili.

Na daɗe da sanin kana ɗaukar ta idan na fita. Ɓarawon kirki ne kai, kana mayar da ita kan ƙusarta, har ka goge wuyan. Sai dai kullum kana rataye ta fuskarta na kallon bango, ni kuwa ban taɓa rataye ta haka ba. Na yi kamar ban gani ba. Ina son ka zama ma'aikacin biro, mai zaman ofis da riga fes, kada a ce ɗan Isufu mai keke ya zama makaɗi. Ga kunyar ɗan fari kuma, ina zan zauna gwiwa da gwiwa da kai ina kama maka yatsa? Haka shekaru suka wuce, kana satar abin da ya kamata in ba ka da hannuna. Wannan ma kuskurena ne, kuma yanzu da mota take jiranka na ga girmansa. Bari in koya maka a takarda abin da zai koyu.

Wanda ya koya mini shi ne Mushe Daniyel, malamin lakwal, wato makarantar boko, inda "Mushe" ake kiran malami, maƙwabcinmu a nan Kara-Kara lokacin kana goye. Kirista ne, shi yake kaɗa wa masu waƙa a majami'arsu ranar Lahadi. Wata rana kunnen gitarsa ɗaya ya lalace, irin kunnuwan nan da ake murɗawa a ja tsirkiya, ya kawo mini ko zan iya. Na gyara masa da ƙusar keke. Da zai biya ni na ce ya bar kuɗinsa, ya koya mini kiɗan.

Ya yi dariya ya ce, "Malam Isufu, kai da ka fito gidan gurmi? Ai wannan wasa ne a wurinka."

Ya san kakanka makaɗin gurmi ne a Zermu. Wannan yabon shi ya kashe ni. Ya ɗauko takarda mai layi shida da lambobi a kai, ya ce sunanta tabilatir, ya yi bayani da sauri irin na malaman lakwal, sannan ya ce, "Ka gane?"

Na ce, "Sarai, Mushe."

Wallahi ban gane komai ba. Amma ɗan makaɗi zai ce bai gane kiɗa ba?

Ya ara mini gitar, na shiga ɗaki. Ni kuwa shekaru na yi ina wanke allo a Zermu, boko sai da gemu na shiga ajin manya. Idona in ya ga layi, dama yake tafiya da kansa. Sai na fara bin lambobin daga dama zuwa hagu, ɗaya bayan ɗaya, na yi ta fama har na haddace. Abin bai yi mini daɗi a kunne ba, amma na ce kiɗan Nasara ne, ƙila haka suke son sa. Da na ga na iya, na sa riga mai kyau na tafi gidansu. Matarsa, Madam Rahila, tana tsakar gida tana tankaɗe. Na zauna na kaɗa tun daga farko har ƙarshe, ina ɗaga kai.

Ta ajiye rariya ta ce, "Malam Isufu, wace waƙa ce wannan?"

Na ce, "Wadda Mushe ya ba ni mana, ta majami'arku."

Ta ce, "A'a. Tamu daga gida take fita ta tafi majami'a. Taka kuwa daga majami'a take dawowa gida da baya da baya."

Mushe ya fito ya ce in nuna masa inda nake farawa. Da na ɗora yatsa a dama, sai da ya zauna ƙasa don dariya. Na ji kunyar da ta ninka wadda na guje wa tun farko.

Kai ɗan lakwal ne, hagu za ka fara, wannan ba zai kama ka ba. Amma "na gane" ɗin nan zai iya kama ka, don na ga irin taurin kaina a jikinka. Ko a gareji wurin baffanka, idan ya nuna maka abu ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba, ko da yaran gareji za su yi maka dariya. Matambayi ba ya ɓata. Ni wata guda na ɓata a kan kalma biyu.

Yanzu ɗauko takarda ɗaya ka shimfiɗa a gabanka. Layukan nan shida tsirkiyoyi shida ne. Ga tarkon da ke ciki: layin sama shi ne siririyar tsirkiya, wadda take can ƙasa kusa da cinyarka idan ka rungumi gitar, layin ƙasa kuma shi ne mai kaurin da ke kusa da haɓarka. Idan abin ya rikice maka, kwantar da gitar a cinya, fuskarta sama, wuyanta a hagu, ka dube ta. Yadda ka ga tsirkiyoyin a jere, haka suke a takarda.

Lambobin kuma ba yatsu ba ne. Ni na ɗauka yatsu ne. Ɗaya na sa manuni, biyu na sa na tsakiya, ina tafiya lafiya har na ci karo da bakwai. Na ƙirga yatsuna, na sake ƙirgawa, na ce wanda ya rubuta takardar nan ko dai aljani ne ko kuwa da ƙafa yake taimakawa. Wannan karon dai na tambaya. Ka ga ƙarafan nan da suka gicciye wuyan gitar? Tsakanin kowane biyu gida ne. Ka ƙirgo daga wajen kunnuwa: gida na ɗaya, na biyu, na uku. Lamba tana gaya maka gidan da za ka danna, layin da take zaune a kai yana gaya maka tsirkiyar. Ka danna da kan yatsa dab da ƙarfen, kada ka hau kansa. Sifiri kuwa, kaɗa tsirkiyar kawai ba tare da ka danna komai ba. Idan lambobi sun hau kan juna a tsaye, tare ake kaɗa su. Shi ke nan sirrin, ba wani tsafi a ciki. Saura ciwon yatsa.

Zai yi ciwo, ba zan ɓoye maka ba. A nan ma na yi wauta. Ina son in gama takarda guda a yini, na yi ta danna har kan yatsuna suka tsage, na kasa riƙe ko sifana. Mako guda ban yi aiki ba, mahaifiyarka tana shafa mini man kaɗe tana cewa, "Sannu, Sarkin Makaɗa, yau kiɗan za mu ci?" Ta fi ni gaskiya. Ka yi kaɗan kullum, ya fi mai yawa rana ɗaya. Ka ɗauki layi ɗaya tak, ka bi shi a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, sai ya fita tsaf sau da yawa kafin ka wuce gaba. Kanta za ta fito a yatsun da kanta, daga nan ciwon ya tafi. Kuma aikin baffanka shi ne gaba. Kada ka ɗauke ta lokacin aiki, ko lokacin salla, ko mutanen gida suna hutawa. Baƙo ne kai a can, ko da gidan ƙanena ne.

Tsirkiyoyi biyu na ƙasa wayar birkin keke ce na warware, ka sani, don kada wani ɗan birni ya gaya maka ka ji kunya. Suna yi. Idan ɗaya ta tsinke, je wurin mai gyaran keke ka roƙi tsohuwar waya, ka ce ubanka ɗan sana'a ne. Amma kada ka ja su da ƙarfi. Wata bazara na ja su tam don ina son amo ya tashi, na bar ta jingine a rumfa rana tana dukanta. Ina cikin ɗaure taya na ji fas! Jakin da ke riƙe da tsirkiyoyin a cikinta ya ɓalle. Tabon da ka gani a wurin, shi ne. Na sassauta su saboda tafiyar nan. Idan ka isa, ka nemi wanda ya iya ya saita maka, ka kalli hannunsa, ka sa ya maimaita. Kuma ba kowane mai cewa "ara mini" ake ba ba.

Akwai abin da takardar nan ba ta faɗa, kuma shi ne babba. Tana gaya maka inda za ka taka, ba ta gaya maka yaushe ba, ko tsawon da za ka tsaya. Kakanka ne ya nuna mini. Bayan kaka ya shigo gari sayar da gyaɗa, lokacin an mayar da Mushe Daniyel aiki garin Tawa, ya bar mini gitar da takardun kyauta. Na zaunar da Baba a zaure, na baza takarda a tabarma, na kaɗa masa waƙa guda ban kuskure lamba ko ɗaya ba. Yana ta murza goro a baki.

Can ya ce, "Isufu, duk inda aka ce ka taka ka taka. To wa zai yi rawa da wannan? Kamar mai tafiya a kan ƙaya."

Na ce, "Baba, ai haka aka rubuta."

Ya ce, "Wanda ya rubuta ya ji waƙar kafin ya rubuta. Kai ka ji ta?"

Ya kama hannuna ya kai ni gindin katanga. Mata suna lugude a gidan maƙwabta, taɓare uku a turmi ɗaya. Ya ce in rufe baki in buga ƙafa tare da su. Na tsaya ina buga ƙafa kamar wawa, ina addu'ar kada wani ya shigo. Da ƙafar ta zauna, ya miƙo mini gitar ya ce, "Yanzu kaɗa, amma ƙafar ce uwar gida, yatsu 'yan aike ne." Ranar na fara jin abin da nake kaɗawa ya zama kiɗa. Ya ɗauko gurminsa daga cikin jaka ya bi ni, tsirkiya biyu tana bin shida, har yaran unguwa suka cika ƙofa. Kana nan a ranar, kana rarrafe tsakaninmu.

Don haka kada ka fara da waƙar da ba ka taɓa ji ba. Na sa maka wadda ka sani a sama, wadda nake kaɗawa bayan la'asar, na rubuta lambobinta da hannuna. Rera ta da baki tukuna, ƙafa tana bugawa, sannan ka duba takarda. Idan yatsa ya kuskure, kada ƙafa ta tsaya, ka wuce ka same ta a gaba. Ranar da ka ga ka kai ƙarshe ba ka kalli takardar ba, juya ta ka ɗauki wata.

Yanzu ga abin da ya sa na ce kada ka sayar.

Ka tuna farin da aka yi kana yaro, kafin ka shiga lakwal? Ƙila ka tuna Baba zaune a zaure da bargonsa. Wancan karon ma Zermu ta watse, shanunsa suka mutu, ya dawo wurinmu da jaka ɗaya, gurmin yana ciki. Yunwa ta kai mu har ga cin dusa. Sai wani Bature cikin masu rabon taimako ya kawo mini kekensa gyara, ya ji Baba yana kaɗawa a zaure, ya leƙa. Ya ce yana sayen kayan kiɗa, ko za mu sayar masa. Abu biyu ne a gidan, gitata da gurmin Baba. Gitar ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma akwai wani soja da ya daɗe yana bi na in sayar masa. Na dubi tawa, na dubi nasa. Na ce wa kaina, gurmi ai ƙwarya ce da fata da sanda, in an yi ruwa sai a yi wani. Na tura gitar ƙarƙashin gado.

Na je na durƙusa na ce, "Baba, yara ba su ci ba."

Bai tambaye ni ina tawa ba. Ya san tana nan, ɗaki ɗaya ne tsakaninmu. Ya shafa fatar gurmin da tafin hannu, ya miƙo mini ya ce, "Kai masa. Ka ce kada ya bar shi a rana."

Hatsin da muka auno bai kai mu ko sabon wata ba. Muka koma inda muke, sai dai yanzu zauren shiru. Baba bai taɓa yi mini maganar ba, ko sau ɗaya. Amma idan ya zauna bayan la'asar, sai in ga yatsunsa biyu suna motsi a kan gwiwarsa, shi bai ma sani ba. Na kan bi ta ƙofar baya don kada in gani. Da aka yi ruwa na nemo ƙwarya da fatar damo, na haɗa masa wani. Ya karɓa, ya sa mini albarka, ya ɗan taɓa shi, ya ce, "Ya yi kyau. Bai san ni ba dai." Wancan tun yana saurayi yake hannunsa. Ya jingine sabon a kusurwa, a nan yake har Allah ya karɓi ransa. Shekara biyu ban iya ciro gitar daga ƙarƙashin gado ba.

Ba na cewa kiɗa ya fi abinci, mai yunwa ba ya jin kalangu. Da a ce kuɗin gitar nan zai kai gidan har kaka, da ni da kaina na kai ta kasuwa, ban jira ka ba. Ba zai kai ba, na taɓa gwadawa. Za a ci a 'yan kwanaki, yunwa ta dawo ta zauna inda take, kai kuma kana can garin da ba ka san kowa ba, ba abin da za ka riƙe idan kewa ta taso maka. Za ta taso kuwa. Abin da zai taimake mu shi ne ka koyi aikin baffanka, ka tsaya da ƙafarka. Gida ka bar mini shi, nawa ne. Ina da hannu, kuma ko a fari taya tana yin faci.

Zan gaya maka gaskiya ɗaya kuma. Ina tsoron kaina. Idan gitar ta kwana a gidan nan wata biyu, ƙaramar ƙanwarka ta yi kukan yunwa a kunnena, zan sayar. Shi ya sa nake son ta yi nisa, a hannun wanda yake son ta har yana sata.

Abu ɗaya na yarda maka. Idan kai kanka ka shiga halin da babu mafita, ciwo ko yunwar da ta fi ƙarfinka, sayar ka ceci ranka, ba zan tambaye ka ba har abada. Ka fi ta a wurina. Amma don mu, a'a. An riga an biya kuɗin gitar nan da gurmin kakanka, kuma bai kamata a ce duka biyun sun tafi a tukunya ba.

Gobe zan raka ka tasha. Ka san ba zan yi magana ba, zan tsaya nesa ina yi wa ɗan kamasho faɗa a kan inda ya ɗaura buhun. Kada ka ɗauka ban damu ba. Idan mahaifiyarka ta aiko maka cewa tana ganina bayan la'asar yatsuna suna motsi a kan gwiwa, kada ka ji tausayina, kada kuma ka ce za ka maido ta. Baba karɓe masa aka yi. Ni da hannuna na ba ɗana, ina sane, kuma raina fari ƙal. Kai dai ka koya. Ranar da Allah ya kawo ruwa ka dawo, ka zauna a zaure ka kaɗa, ni zan buga maka ƙafa.

Ka gaida baffanka da matarsa, ka bi su kamar yadda ka bi mu. Ka riƙe salla. Allah ya kai ka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa albarka a hannunka, na aiki da na kiɗa. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe mini. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya nuna mini dawowarka da idona. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Isufu mai keke,
Kara-Kara, Damagaram.